Ƙoƙi ta tare a gidan haya

Mako biyu ke nan ban leƙo ba, dilolin gwanjo ne suka maƙale mini a tashar jirgin ruwa, sai da na yi ta safa da marwa kafin a sake su. Na gode wa waɗanda suka aiko suna tambayar lafiya. Yau ba zancen kwastan zan yi ba, ba kuma na kuɗin makaranta ba. Zancen gizo-gizo ne. Na san wasu tuni sun yamutsa fuska, to ku yi haƙuri ku biyo ni, domin wanda ke da yaro ɗan shekara 13 ko 14 mai waya a hannu, abin da ya same ni yana iya sallama a ƙofarsa gobe.

Wata bakwai da suka wuce na dawo daga Sinkase da dare, a gajiye liƙis. Ko takalmi ban cire ba uwargida ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, kafin ka ci abinci zo ka ga abin da ɗanka ya ajiye mana a ƙarƙashin gado." Aka jawo wata kwalbar mayonis, na haska fitilar waya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Gizo-gizo ne ya kusa tafin hannun yaro, fari-fari da ruwan toka, da zane baƙi a baya kamar an buga masa atamfa, ƙafafu duk gashi. Na ɗan karkata kwalbar, ban ga lokacin da ya tashi daga ƙasa ya koma ƙarƙashin murfi ba. Ban ga tafiyar ba sam, kawai na ga ya canja wuri.

Niyyata ta farko ita ce in sa takalmi a bayan gida in huta. Abin da ya tsayar da ni yaron ne. Ɗana na biyu ne, a nan Lome aka haife shi, Faransanci da yaren Mina sun fi Hausa zama a bakinsa, kuma shiru-shiru ne. Ni kuma rabin wata ina kan hanya. Hirarmu ba ta wuce "sannu da zuwa Baba" da "ya karatu". A daren nan sai ga shi ya tsuguna gabana yana bayani, Hausa na karyewa yana gyarawa, ya fi rabin awa bai tsaya ba. Wai tarantula ake kiran irinsu, sun fi kala 1,000 a duniya, wasu a rami suke zama, wasu a kan itace, wannan na itace ne. A yanar gizo ya koyi zancen gizon, kun ji. Yayan wani abokinsa ne ya ba shi, mai shiga ƙauyuka yana kamo wa masu fitar da dabbobi waje. Wanda ya daɗe a Togo ya san sana'ar, daga nan aka yi ta loda ƙananan mesa da manyan baƙaƙen kunamu zuwa Turai da Amurka. Na zauna ina kallon bakinsa, na ce a raina yau shekara nawa rabon da yaron nan ya yi mini magana mai tsawon haka. Sai na ce a ɗaure murfin da salatif, a kai kwalbar baranda, da safe a yi magana.

Da gari ya waye na ɗauki hoto na tura wa ɗan yayata da ke Hambug yana harkar motoci, don na san ya taɓa zama gida ɗaya da wani mai kiwon irin waɗannan halittu. Ko minti goma ba a yi ba ya kira. "Kawu, don Allah kada wanda ya buɗe kwalbar nan. Ku mayar wa mai shi yau." Ashe wannan shi ne wanda masana ke kira Heteroscodra maculata, ɗan ƙasa ne, a Togo da Gana yake, har masu kiwo a Turai da sunan Togo suke kiransa. Su kansu can sai wanda ya goge yake ajiye shi. Gudu gare shi kamar walƙiya, ba shi da wani makami sai cizo, kuma cizon ba na wasa ba ne: azabar zafi, kumburi, jijiyoyi su riƙa ɗaurewa kwana da kwanaki. Yana da ɗan'uwa mai suna Stromatopelma calceatum da ke zama a ƙoƙon kan bishiyar kwakwar manja, shi ma halinsu ɗaya ko ma ya fi. A gidanmu kuwa akwai 'yar shekara uku da ba abin da ba ta buɗewa.

Wannan shi ne abu na farko da nake so iyaye su riƙe. Wanda ya fi sauƙin samu a nan yankinmu, wanda za a miƙo wa yaronka kyauta ko a kuɗin alawa, shi ne daidai wanda bai kamata a fara da shi ba. Mai sayarwa zai ce maka ba ya cizo. Kada ka saurare shi. Muka mayar da kwalbar a ranar, yaron na biye da ni idonsa ya cika da ƙwalla. A hanya na yi masa alkawari, irin alkawarin da uba kan yi ya dawo yana cizon yatsa, cewa idan akwai mai sanyin hali zan saya masa.

Akwai kuwa. Sunansa Avicularia avicularia, asalinsa Kudancin Amurka, wajajen Guyana da Suriname da arewacin Barazil. Baƙi ne mai sheƙi, ƙarshen kowace ƙafa ja-ja kamar an sa masa lalle, idan ya girma buɗin ƙafafunsa yakan kai santimita 12 ko 13. Sunan ma da labarinsa. Wata mai zane 'yar asalin Jamus, Maria Sibylla Merian, ta je Suriname a 1699, a littafin da ta fitar a 1705 ta zana irin wannan gizo a kan ɗan tsuntsu ya danne shi, shi ya sa sunan ya fito daga kalmar Latin mai nufin ƙaramin tsuntsu. A zahiri ƙwari ne abincinsa. Idan ya tsorata gudu yake yi ko ya yi tsalle, wani lokaci ya juyo baya ya feso maka kashi, kuma yana da saiti. Cizonsa da wuya, in ma ya faru bai wuce harbin rina ba ga mai lafiya. Gashin cikinsa ne ke sa ƙaiƙayi idan ya goga a fata, a ido kuma matsala ce ta asibiti. Ta hanyar ɗan yayan nawa muka samu wani saurayi a nan gari da ke kiwonsu, nasa sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe, ya sayar mana da ɗaya mai girman kwabon sefa ɗari da ɗan ƙari.

Mahaifiyata da ta ji labari daga Maraɗi sai ga kira. "Kai yanzu da girmanka tautau za ka ajiye wa jikokina a ɗaki? So kake ya yi musu fitsari bakinsu ya kwaɓe?" Na yi ta lallashi. Can da ta huce ta ce ita dai ba ta kashe gizo-gizo tun tana yarinya, saboda labarin saƙar da ya yi a bakin kogo lokacin hijira. Sannan ta ƙara da abin da ya tsaya mini a rai, ta ce in tuna da matar da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. "Duk abin da ka rufe, haƙƙinsa na wuyanka, ko da ƙwaro ne." Na ce to Hajiya. Ban san maganar za ta dawo mini da wuri haka ba.

Mako uku ya yi a hannunmu ya mutu, kuma ni na kashe shi. Ba da takalmi ba, da kulawa. Na samo kwalbar alawa ta gilashi mai kyau, irin ta kan teburin masu shago, na huda murfin huji biyar, na zuba ƙasa, na sa reshe. Yaron ya ce ya karanta cewa dabbar dajin ruwa ce, tana son laima. Sai na ba shi abin fesa ruwa na masu aski, safe da yamma yana fesawa har gilashin na zufa. Mu a ganinmu gata muke yi. Ranar wata Juma'a muka tarar da shi a ƙasan kwalba, ƙafafu sun naɗe ƙarƙashin ciki kamar hannun da aka dunƙule. Yaron bai yi kuka ba, ya dai koma shirunsa na da, wannan ya fi mini ciwo.

Na koma wurin saurayin da kwalbar a hannu. Yana ganinta ya kama kai. Ya buɗe murfi ya ce in shinshina, wari ne na rumfar da ruwa ya kwana. Ya ce, "Alhaji, wannan dabba a saman itace take, inda iska ke kaɗawa dare da rana. Ruwa ya sauka, kafin awa ɗaya ganye ya bushe. Kai kuma ka sa ta a randa ka rufe." Ya nuna mini ƙarƙashin cikin wani babba, inda huhunsu yake, guda huɗu, kowanne falle-falle kamar shafukan littafi. Ba sa jan numfashi irin namu, iska ce ke ratsawa da kanta. Idan iskar ta tsaya cik ga danshi, sai fumfuna da ƙwayoyin cuta su samu gida, dabbar ta yi ta yin laushi har ta tafi. Ya ce yawancin shawarar da ke intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta wa junansu, masu kunna na'urar ɗumama ɗaki har iska ta bushe ƙayau. Mu da ke bakin teku, inda gishiri ke jiƙewa a cikin kwano, laimar da ke cikin ɗaki ma ta isa. Abin da za mu nema shi ne iska.

Ya ba mu wani daga cikin 'yan'uwan na farkon, amma ya ce ba zai miƙa ba sai ya ga ɗakin da idonsa. Haka muka yi kwana biyu ni da yaron muna aiki a baranda, kuma ga yadda muka yi, ga mai buƙata.

Mun bar gilashi muka koma roba mai haske, irin dogayen robobin da ake sayar da cincin ko gyaɗa a ciki, don ita ce ke hudawa. Tsawo ake nema ba faɗi ba, tunda mai ɗakin ba ya zama ƙasa. Ƙa'idar da saurayin ya ba mu mai sauƙi ce: tsayin ɗaki ya kai kamar sau uku na buɗin ƙafafun dabbar, faɗi kuma sau biyu. Namu yana da santimita 5, muka ɗauki roba mai tsayin 18 da faɗin 11. Idan ya girma zai koma mai faɗin 20 da tsayin 30, ko sama da haka kaɗan. Kada a ce za a yi wa ƙarami babban gida tun yanzu don a huta, abincinsa zai riƙa ɓace masa a ciki, kai ma ba za ka san inda yake ba.

Sai huji, nan ne aikin yake. Muka ɗora ƙusa a kan gawayi, na riƙe da filaya, yaron na sa alama da biro. Layi biyu a ƙasa, sama kaɗan da inda shimfiɗa za ta tsaya, layi uku a can sama, a ɓangarori biyu masu kallon juna, sannan wasu a rufin. Hikimar ita ce iska ta shiga ta ƙasa ta wannan gefe ta fita ta sama ta wancan, kamar ɗakin da ke da taga gabas da yamma. Huji a murfi kaɗai ba ya yin wannan aiki, shi ne kuskurena na farko. Mun yi sun fi 60. Kowane huji kada ya kai faɗin kan dabbar, wato ɓangaren gaba mai tauri inda ƙafafu suka fito, don duk inda wannan ya wuce sauran jiki zai bi. Bayan an gama a bi da wuƙa a kankare bakin hujin, a wanke robar da ruwa zalla, a bar ta ta sha iska kwana ɗaya warin ƙuna ya fita. Na so in yanke gefe ɗaya in manna ragar taga ta ƙarfe don iska ta fi shiga, saurayin ya hana. Suna da 'yan ƙananan farata a ƙarshen ƙafa da ke maƙalewa a raga, dabba ta yi ta reto har ƙafa ta cire.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce kifa robar. Wannan gizo a can ƙololuwa yake saƙa gidansa, wani farin bututu kamar safa, a ciki yake wuni. Idan murfi na sama, duk buɗewa sai ka yaga masa gida, kuma da ya firgita sama yake nufa, wato fuskarka. Sai muka juya robar, murfi ya zama ƙasa, gindi ya zama rufi. Muka manna wani ɗan kwanon roba a cikin murfin don ya riƙe shimfiɗa. In za a sa abinci ko ruwa, sai a kwance a ɗaga sama a hankali, mai gida na can cikin safarsa bai ma san an yi ba. Wanda ke da hali ya sa a yi masa akwatin gilashi mai ƙofa a gefe, amma a tabbata mai yin ya bar wurin iska ƙasa da sama.

Shimfiɗa ba ta da wuya a garin da ɓawon kwakwa ke zube ko'ina. Muka samo busasshe, muka daka zaren ya yi laushi, muka jiƙa muka sauya ruwa sau uku don gishiri ya fita, muka shanya a rana. Kaurin yatsa biyu ya isa, kuma a bushe ake sa shi. Kada a ɗebo ƙasar lambu ko ta buhun masu fulawa, sau da yawa akwai taki ko magani a ciki.

Abin hawa shi ne ainihin kayan ɗaki. Turawa da ɓawon wata bishiya suke amfani, wadda ake yin toshiyar kwalba da ita, daga Fotugal ake kawowa. Mu muka tsaga gora busasshiya gida biyu, muka tafasa ta, ta bushe sarai, muka manna ta a tsaye jikin robar da gam ɗin kyandir, ta kusa taɓa rufi, da ɗan sarari a bayanta inda zai lafe. A kiyayi itacen dogon yaro, wanda mutanenmu na Nijar ke kira bedi. Abin da ya sa ake zuba ganyensa a rumbu shi ne yana korar ƙwari, to ba a kai shi ɗakin wannan. Haka katakon kafinta da aka shafa wa maganin gara ko fenti. Daga sama muka manna ganyen roba huɗu da uwargida ta cire daga tsohuwar fulawar falo, bayan an wanke su. Ba don ado ba ne, wurin kama zare yake buƙata. Idan saman fayau yake, sai ya yi ta zagaye bai saƙa komai ba.

Ruwa kuma a murfin kwalbar lemo, guda biyu, ɗaya manne a sama kusa da gorar, ɗaya a ƙasa. Ba a sa auduga ko soso a ciki, datti kawai suke tarawa, kuma ba ya nutsewa. Abin fesawar nan na mayar wa mai aski. Sau ɗaya a mako yaron kan ɗiga ruwa kaɗan a jikin saƙar da sirinji marar allura, ya ɗan jiƙa kusurwa ɗaya ta shimfiɗa, shi ke nan. Saurayin ya zo ya duba, ya hura ta gefe ɗaya ya sa hannu a ɗaya gefen ya ji iska, sannan ya juye mana dabbar ciki da bakin burushi mai laushi. A kwana na biyar muka tashi muka ga farin zare a bayan gora. Yara suka sa masa suna Ƙoƙi, da fatan mace ce, don macen kan kai shekara 10 ko fiye, namijin kuwa da wuya ya wuce 3 ko 4.

Gina ɗakin ya fi sauƙi a kan samo inda za a ajiye shi. A gidajenmu kowace magariba sai an kunna igiyar leƙo ko an fesa maganin sauro, wasu har fiya-fiya suke yayyafawa a lungu. Duk abin da aka yi don ya kashe sauro da kyankyaso zai kashe wannan, ga shi mun cika ɗakinsa da huji. A nan na kafa doka, kuma ina roƙon kowane uba ya kafa irinta: ba za a fasa maganin sauro a ɗakin da yara ke kwana ba saboda gizo-gizo. Zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne, mun san yaran da ya ɗauka. Gizon ne zai ƙaura. Muka share masa kanta a ɗan ɗakin ajiyar kaya da ba mai kwana ciki, mai taga, inda rana ba ta faɗowa kai tsaye, don roba a rana tanda ce. Wanda ya taɓa gidan sauro mai magani ko ya shafa man korar sauro sai ya wanke hannu kafin ya taɓa robar. Turaren wuta ma sai da aka yi zaman sulhu. Uwargida ta ce ita ba za ta bar turarenta don ƙwaro ba, kuma gaskiyarta. Aka tsaya a kan za a riƙa rufe ƙofar ɗakin ajiyar in an sa kasko.

Sai kiyashi. Su ne suka fi ba mu wahala, don ragowar abinci kaɗan ta ishe su su yi layi, kuma suna iya gamawa da ƙaramin gizo a dare ɗaya. Maganin shi ne na kakanninmu masu ajiye zuma: faranti da ruwa, a kifa kofi a tsakiya, a ɗora robar a kai, kada ta jingina da bango. Kantar kuma mai tsayi ce, autarmu ba ta kaiwa ko ta taka kujera. Na kuma je na gaya wa mai gidan da muke haya da bakina, na nuna masa. Ya yi dariya ya ce mu Hausawa ba abin da ba ma saye. Gara hakan da a ce wata rana matar maƙwabci ta gani ta tara mana jama'a.

Ciyarwa ita ce inda abin ya dace da rayuwar ɗan kasuwa. Gyare ɗaya ko ƙaramin kyankyaso a mako ya ishi ƙarami, babba kuma kwana 10 zuwa 14. Girman abincin kada ya wuce cikin dabbar. Amma ba kyankyason bayan gida ba, wanda wataƙila ya bi ta kan magani. Yaron na kiwon gyare a bokiti mai murfi da kwalin ƙwai, yana ba su dusa da ɓawon karas. Abin da ba a ci ba zuwa washegari a cire. Idan iyali za su tafi biki na mako guda, a cika ruwa a tafi, ba ya neman kowa. Tafiyar wata biyu ta hutun makaranta kuwa sai an bar wa wani amana, mu saurayin nan muke kai wa. Kada a ce za a cusa shi a jaka a tsallaka Aflao ko Sinkase da shi. Fita da dabba mai rai sai da takarda, wasu ma suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, kamar baƙar kunamar nan tun 1995 da tarantulan itace na Indiya da Siri Lanka tun 2019. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a sauke masa kaya a boda saboda ƙwaro. Wanda kuma ya gaji da kiwo ya mayar wa mai sayarwa, kada ya saki baƙuwar dabba a bayan gari.

Ɗauka a hannu na hana. Ba ya sabo da mutum, ba ya gane mai shi, ba abin da yake ƙaruwa da shi. Tsalle ɗaya daga hannu zuwa siminti cikinsa ya fashe, an gama.

'Yan'uwanmu na Yamai da Agadas da Njamena da Marwa, lissafinku daban ne da namu. Wannan dabba tana jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28. Ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da waje ke haura 40 ga wuta na ɗaukewa, ba wurinta ba ne, kuma hunturunku na busar da murfin ruwa kafin azahar. In akwai ɗakin ƙasa mai sanyi, a ƙara girman abin ruwa, a riƙa dubawa kullum, a jiƙa rabin shimfiɗa, amma kada a toshe huji. In babu, a gaya wa yaro gaskiya a saya masa tantabaru.

Watan jiya ina Dapaong yaron ya kira ni da sassafe, murya na rawa. Ƙoƙi ta ƙi abinci kwana 12, ta toshe bakin safarta, yanzu ga ta a kwance rigingine ba motsi. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an sake. Sai na tuna abin da saurayin ya ja mana kunne a kai: mai mutuwa naɗe ƙafafu yake yi ƙarƙashin ciki, mai kwanciya rigingine saɓa zai yi, kamar maciji. Na ce kada ya taɓa, kada ya girgiza, ya duba ko akwai gyare a ciki ya cire, don a wannan hali gyare na iya cin ta. Da la'asar ya turo hoto, gizo biyu a cikin saƙa, ɗaya fanko. Ya jira kwana 10 kafin ya ba ta abinci, sai da haƙoran suka koma baƙi suka yi ƙarfi. Fankon ya kai wa saurayin, aka jiƙa aka buɗe aka duba da madubin ƙara girma. Mace ce.

Yanzu in ina kan hanya kusan kullum sai ya kira, rahoton Ƙoƙi ne farko, daga nan a gangaro kan makaranta da rigimarsa da yayansa. Hajiya ma in ta kira takan ce, "Ya tautau ɗin naku, ana dai ba shi ruwa?" Shekaranjiya muna cin abinci ya ɗago kai ya ce, "Baba, wancan na farkon fa, mai zanen atamfa, in na ci BEPC?" Uwargida ta ajiye cokali tana kallona. Na ce ba a gidan da autarmu take ba, ya bari sai ya kama hayar kansa.